Keken Duna

Rumfar Zulkifilu mai walda tana bakin wani layi a Tudun Wada, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar dogon yaro, jikin rumfar Maccido mai faci. Yakan yi ƙofofi da tagogi idan an kawo masa, amma abin da aka san shi da shi a Sakkwato shi ne keken guragu, irin mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Shi ma a kan irinsa yake zuwa aiki kullum. Shan inna ce ta kama shi tun yana goye, ta bar masa ƙafafu sirara kamar na ƙaramin yaro, Allah kuma ya ba shi ƙirji da damatsa irin na ɗan kokawa. A ƙasa yake aiki, zaune kan buhu, kayan aikinsa duk suna inda hannunsa zai kai.

Wata safiya cikin bazara, an ɗauke wuta, yana zaune yana kankare tsatsa daga jikin wani bututun ƙarfe, sai ga Malama Rifkatu riƙe da lema. Ita ce ta koyar da 'yarsa Nabila a firamare kafin ta yi ritaya. 'Yar Filato ce daga wajen Pankshin, amma a Sakkwato ta yi aure, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan kuma furfura ta same ta.

"Malama, ke ta cikin ranar ga? Lahiya dai?" Ya jawo mata benci da hannu ɗaya.

"Lafiya ƙalau, Malam Zulkifilu. Yaya 'yata Nabila?"

"Tana nan, ta shiga makarantar koyon jinya. Kullum sai ta yi zancenki."

Malama ta zauna ta naɗe lemar, ta goge gumi da gefen gyalenta. Sai da ta ɗan jima tana kallon kekunan da ke jingine kafin ta ce, "Keke nake so ka yi mini. Ɗan ƙarami."

"Na yaro na? Shekarunshi nawa?"

"Ba yaro ba ne. Kare ne."

Maccido, wanda ke tsugune yana neman huji a jikin tib cikin bahon ruwa, ya ƙyalƙyale da dariya har tib ɗin ya kuɓuce masa. Malama ba ta ko dube shi ba. Ta yi bayani a hankali. Karensu ne na gida, sunansa Duna. Mota ce ta buge shi a bakin titi, ta wuce abinta. Likitan dabbobi ya ce ƙashin baya ya taɓu, ƙafafun baya ba za su ƙara tashi ba, in suna so zai yi masa allura ya huta. Ita ta kasa amincewa. 'Yarta Lydia ce daga Jos ta turo mata wani ɗan bidiyo a waya. Ta miƙa wa Zulkifilu wayar, ya ga wani jan kare yana gudu a kan ciyawa da ƙafafun gaba, bayansa na rataye tsakanin tayoyi biyu.

Ya mayar mata da wayar, fuskarsa ba walwala. Ya daɗe yana fama da mutane su daina kallon kekensa a matsayin alamar bara, su gane ƙafa ce kamar ta kowa.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji shi. "Abin ga da nika yi na mutane na. In anka ga kare bisa keken guragu, mi za a ce muna?"

"Na yi wannan tunanin tun kafin in fito daga gida," ta ce. "Ban ce lallai sai ka yi ba. Ka dai zo ka gan shi. In ka gan shi ka ce a'a, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Matar da ta koya wa 'yarka karatu ba a yi mata gardama a kan zuwa kawai. Ya ce zai zo bayan la'asar.

Gidan yana ƙarshen wani lungu mai yashi. Dokin ƙofar na siminti ne, an ɗaga shi saboda ruwan damina, don haka ya bar kekensa a waje, ya zura silifas a hannuwansa ya shiga da rarrafe. Haushi ne ya fara tarbarsa daga wajen ƙofar falo. Sannan karen ya taso, baƙi wuluk mai farin ƙirji, yana tafiya da ƙafafun gaba, na baya suna biye da shi a ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Fatar saman ƙafafun ta saɓule, wurin ya yi ja, ƙudaje na bi. Duk da rana ta yi sanyi, simintin tsakar gidan bai huce ba tukuna. Zulkifilu ya san wannan zafin, ya san shi da tafin hannu da gwiwa, don sai da ya zama saurayi kafin ya fara hawa keke. Karen ya tsaya nesa kaɗan da shi yana haki, idonsu a daidai da juna, abin da ba ya faruwa tsakanin kare da sauran mutane.

A bakin falon wani dattijo yana zaune a kujerar kushin, da singileti da ƙaramin tawul a wuya. Hannunsa na hagu yana kwance a kan cinyarsa, gefen bakinsa ya ɗan karkace. Shi ne Baba Stephen, mijin Malama. Ya yi aikin gyaran injuna a kamfanin siminti na Kalambaina har ya yi ritaya, bara kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Maganarsa ta dawo, amma da nauyi, don haka ya daina yin ta gaban baƙi. A jikin bango akwai keken asibiti a naɗe, an shanya zanen gado a kansa.

"Baba, barka da yamma. Yaya ƙarhin jiki?"

Dattijon ya gyaɗa kai kawai. Karen ya ja jiki ya koma ya kwanta a kan ƙafarsa.

Zulkifilu ya ƙara duban ƙafafun karen. Sannan ya ciro tef ɗin awo daga aljihu ya miƙa wa Malama. "Ni ba ni taɓa shi. Ke za ki aza, ni in karanta. Ki ɗaga bayan nashi awa shina tsaye."

Ta tallafi cikin karen da zani, ta auna daga ƙasa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa kafaɗa, da faɗin ƙirji. Da ya fito, ya rubuta awon da alli a jikin kekensa. A hanya yana tuƙi yana mamakin kansa, don bai san lokacin da ya yanke shawarar ba.

Washegari Maccido ya tarar da shi yana yanka siririn bututu.

"To, mai gida, in ka ƙare na kare, akuyata ma na ɗingishi."

"Ka kawo ta, in haɗa da kai in auna."

Maccido ya yi dariya ya shige rumfarsa. Can sai ga shi da tayoyi biyu na keken yara, ya ajiye su gaban Zulkifilu ya koma kan aikinsa.

Ba kowa ne ya ɗauki abin da wasa ba. Gazali, wani mai sayar da katin waya wanda Zulkifilu ne ya yi masa kekensa, ya zo a ɗaure masa sarƙa, ya ga ɗan firam ɗin a gefe ya tambaya. Da ya ji amsar, fuskarsa ta canja.

"Wato mu da karnuka ɗaya na wurinka?"

"Ni ma hakanan nac ce da hwarko," in ji Zulkifilu. "Sai nig gane shi shina jan jiki bisa siminti."

"Ni ma na ja jiki bisa siminti. Ba wanda yaz zo yag gane ni."

Zulkifilu ya san gaskiya Gazali ya faɗa. Ya ɗaure masa sarƙar, ya zuba mata mai. Gazali ya tafi ba sallama, daga ranar kuma wani wurin yake kai gyara. Abin ya tsaya wa Zulkifilu a rai, amma bai ajiye aikin ba.

Ranar da ya kai keken, Malama ta shirya, har ta yi wa Duna wanka. Suka zura shi tsakanin sandunan biyu, ta ɗaure masa ɗamara a ƙirji, ta rataye ƙafafun baya. Ta koma gefe ta tsuguna tana kiransa da guntun ƙashi a hannu. Karen ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, sai ƙafafun gaban suka lanƙwashe, ya kife da haɓa a ƙasa yana kuka. Aka tashe shi, ya sake faɗuwa. Daga nan ya ƙi motsi gaba ɗaya, ya sunkuyar da kai yana rawar jiki.

Kunya ta kama Zulkifilu. Yana cikin jujjuya abin a ransa sai ya ji murya daga bakin falo, mai kauri, kalma na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Tayar... ta yi baya."

Malama ta juya da sauri. Baba Stephen ya miƙe zaune, yana nuni da sandarsa.

"Nauyin duka... a kafaɗa. Jaki ma... ba zai ja ba."

"Baba, in na matso da ita gaba, baya za shi kihewa," in ji Zulkifilu. Ransa ya ɗan sosu. Ya daɗe rabon da wani ya gyara masa aiki.

"Ba zai kife ba. Maman Lydia... matso da ni."

Ta kama shi ya tashi, ya ja ƙafa har zuwa wajen famfo inda ƙasa ke da danshi, ta kawo masa kujera. Da bakin sandarsa ya zana kare, zanen da ya fi kama da tebur, ya zana taya daidai ƙugu. Ya nuna yadda za a ɗan buɗe tayoyin ta ƙasa don su yi faɗi. Sannan ya ɗiga ɗigo a jere a jikin sandar gefe.

"Huji. Ka ɗaure da noti. Kada ka like... da walda. In bai yi ba, ka matsa gaba."

Zulkifilu ya daɗe yana kallon ɗigon. Duk rayuwarsa likewa yake yi, in abu bai yi ba ya yanke ya sake. Ya ga hikimar, amma bai nuna ba.

"Ɗamara kuma," Baba ya ci gaba, "bel na mota. Yana da ƙarfi."

"A'a, Baba, nan kam ban yarda ba. Bel na cin hwata. Shi ko bayan nashi ba shi jin komi, sai gyambo ya kama shi ba ku sani ba. Wurin da ba a jin zahi, nan aka hi jin tsoro. Soso za a sa da ƙyalle mai taushi, wanda za a cire a wanke."

Dattijon ya dube shi, ya dubi ƙafafunsa da ke naɗe a gefe, sannan ya ce, "Haka ne."

Suka yi ta ja-in-ja a kan tsawon sanda da kaurin noti har aka kira magariba. Malama tana tsaye riƙe da ƙashin da ta manta a hannunta. Da Zulkifilu zai tafi ya ce, "Baba, ni ba ni iya kawo injin walda nan. In kana son a yi shi yadda kaz zana, sai ka taho rumhwa ka tsaya bisa kaina."

"Ba na fita," in ji Baba Stephen.

"To, sai in yi yadda nag gane. In ya karkace, kada ka ga laihina."

Da hantsi washegari, yana cikin huda ƙarfe, Maccido ya zungure shi. A bakin layin ga Malama Rifkatu ta duƙa tana tura keken asibiti, ƙananan tayoyin gaban suna nutsewa cikin yashi, tana tsayawa ta ɗaga ta sake turawa. Baba Stephen yana ciki da riga mai dogon hannu da hula, ya ɗaure fuska tamau. Maccido ya ruga ya karɓe ta.

Ko gaisuwa Baba bai gama ba ya ce, "Wanda ya yi wannan keken... bai taɓa ganin yashi ba." Sannan ya miƙa hannu. "Ba ni in gani. Hujin ya yi kusa da juna."

Nan ya wuni. Aka kawo wuta, aka ɗauke, aka tayar da janareta. Baba yana riƙe da ƙarfe da hannun dama yana kawar da fuska, Zulkifilu yana ɗiga walda. In kalma ta maƙale masa sai ya zana a ƙasa. Da azahar Zulkifilu da Maccido suka tafi masallaci suka bar masa rumfunan biyu, suka dawo suka tarar ya jera sifanonin Zulkifilu daga ƙarami zuwa babba, yana kuma yi wa wani ɗan kabu-kabu faɗa a kan ƙarar da injin mashin ɗinsa ke yi. Ita kuwa Malama gida ta koma, ta zauna a keken ɗinkinta ta haɗa ɗamara da soso da tsohon wandon Baba.

A karo na biyu ba su yi gaggawa ba. Zulkifilu ya ce a bar karen a ciki ya tsaya kawai, kada kowa ya kira shi. "Ranar da anka hwara aza ni bisa keke, jama'a sunka taru suna ta ce min tuƙa, tuƙa. Ban iya ba sai da kowa yaw watse."

Suka zauna suna hira kamar sun manta da shi. Duna ya tsaya cak, ya waiga ya shinshina taya, ya sake waigawa ɗaya gefen. Wata kaza ta maƙwabta ta tsallako ta katanga ta sauka kusa da kwanon abincinsa. Kafin kowa ya ankara ya zabura. Tayoyin suka bi shi, kazar ta tashi sama da kururuwa, shi kuma ya wuce har bango, ya tsaya, kamar yana mamakin yadda aka yi ya zo wurin. Sannan ya juya, ya zagaya tsakar gidan, ya ture bokiti, ya sake zagayawa.

Malama ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba. Baba Stephen ya jira har karen ya zo ya tsaya gabansa yana haki. Ya shafa kansa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Matsa huji ɗaya... gaba."

Aka zuba siminti aka yi gangara a dokin ƙofa. Cikin ɗan lokaci unguwa ta san Duna. Yara kan bi shi a baya suna ihu, wasu manya su yi dariya, wasu su kawar da kai su yi tsaki. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ce ita dai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, saura kuma ta ga kare da lasin tuƙi. Ciwon ƙafafunsa ya bushe, gashi ya fara fitowa.

Baba Stephen kuwa ya mayar da rumfar wurin zuwansa. Kullum da safe Malama za ta turo shi, da yamma ta dawo ta ɗauke shi. Zulkifilu ya lura da yadda take dafa ƙugu in ta iso, da yadda take jimawa a kan benci kafin numfashinta ya daidaita. Ya san in ya ce wa Baba a yi masa keke don tausayi, ƙi zai yi. Don haka wata rana suna cin gyaɗa ya ce, "Baba, akwai aikin da yag gagare ni."

"Wanne?"

"Kekena hannu biyu shika so, ko dai hannu guda mai ƙarhi da wani na riƙon kai. Mai ɓarin jiki in ya zo, haƙuri nika ba shi. Hannu guda, ƙahwa guda, duk gehe guda. Na yi tunani har na gaji."

Baba ya tauna gyaɗarsa a hankali. Ya dubi hannunsa na dama, ya motsa ƙafarsa ta dama. Ya gane inda maganar ta nufa, Zulkifilu ma ya san ya gane.

"Kawo alli," in ji shi.

Wannan aikin ya fi na Duna wuya nesa ba kusa ba. Shawarar da suka tsayar ita ce ƙafa ta yi tuƙi, hannu ya riƙe kan keke da birki. Suka sa feda ɗaya a dama, suka yi faranti a hagu inda za a ɗora ƙafar da ba ta aiki, da wani ɗan allo mai soso na ɗora hannu. Gwajin farko, fedar ta hau sama ta tsaya, ba ƙafa ta biyu da za ta dawo da ita. Suka ɗaure ƙafar a jikin fedar, suka like giyar baya yadda in dai taya na juyawa feda ma za ta juya. Gwaji na biyu keken ya tafi, amma ya ja dama, ya ci gaba da jan dama har ya kai Baba cikin tarin tsofaffin tayoyin Maccido. Suka rugo a tsorace, Maccido da gudu, Zulkifilu da rarrafe, suka tarar da shi kwance a kan tayoyi yana dariya, irin dariyar da ke girgiza ciki, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace.

"Kada ku gaya... wa Maman Lydia," ya ce.

Suka sauke kujerar ƙasa kaɗan, suka ƙara wa kan keken tsawo, suka canja tayoyin baya da masu faɗi saboda yashi. Ana cikin haka damina ta sauka. Wasu ranakun ruwa ya hana aiki, su ukun su takure a rumfar Maccido suna jin ƙarar kwano, Baba yana ba su labarin manyan injunan da ya yi aiki a kansu, waɗanda mutum zai iya tsayawa a cikinsu. Maganarsa ba ta koma yadda take da ba, amma ya daina jin nauyin a jira shi ya ƙarasa. Ya fara da zuwa bakin layi ya dawo, sannan ya kai masallacin unguwa, sannan ya fara zuwa rumfar da kansa, Malama na biye da shi a ƙasa duk da ya ce ta zauna.

Wata Asabar da safe, bayan an kwana ana ruwa yashi ya kwanta, Zulkifilu yana buɗe akwatin kayan aiki sai ya ga Baba Stephen ya zo wucewa, da kwando ɗaure a bayan keke, Duna na biye da shi tayoyinsa na watsa taɓo.

"Baba, ina zuwa haka?"

"Kasuwa. Cefane."

"Tsaya in raka ka."

"Yi aikinka," in ji Baba, bai ko rage gudu ba.

Ba a jima ba sai ga Malama Rifkatu, gyale a karkace, da alama sauri ta yi.

"Ya wuce nan?"

"Ya wuce, Malama. Lahiya lau shika tahiya."

"Ya hana ni bin shi. Har rantsuwa ya yi in na bi shi zai juyo gida. Titin nan ga motoci, ga 'yan kabu-kabu..." Ta tsaya tana leƙen hanya, tana murza hannuwanta kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba.

"Zamna nan ki jira shi. Ta nan za shi biyowa."

Ta zauna a bakin benci, a shirye take ta tashi. Maccido ya kawo mata kunun zaƙi a kofi. Ta sha rabi, ta ce tumatir ne da attarugu da busasshen kifi kawai, bai kamata ya daɗe ba. Ta ce tun da ciwon nan ya same shi ba ta taɓa yin nisa da shi haka ba, ko coci in ta je, kafin a yi addu'ar rufewa take fitowa. Ta jingina da jikin dogon yaron. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ƙasa na ƙamshin ruwa. Zulkifilu ya juya zai ba ta amsa, sai ya ga idonta a rufe, kofin ya karkace a hannunta. Ya zare shi a hankali ya ajiye.

Yana da ƙofar da zai haɗa ranar, amma bai tayar da janareta ba. Ya ɗauki burushi ya kama shafa fenti. Maccido ma ya ajiye gudumarsa, wani mai mashin da ya zo yana danna hon ya sha harara.

Rana ta ɗaga sosai kafin Baba ya dawo, rigarsa jiƙe da gumi, Duna ya zaro harshe. Ya ja birki a gaban rumfar, ya ga matarsa tana barci baki a ɗan buɗe. Ya ɗaga hannu alamar kada a tashe ta. Ya zauna a kan kekensa yana kallonta, Maccido ya zuba wa karen ruwa a murfin wani tsohon galan. Cikin raɗa Baba ya gaya wa Zulkifilu cewa birkin yana so a ƙara ɗaure shi, kuma ya haɗu da wani tsohon abokin aikinsa a bakin kasuwa, mutumin ya ɗauka Baba ya koma Filato tuntuni.

Karen ne ya tashe ta, da ya girgiza jiki ƙarafunsa suka yi ƙara. Ta farka a firgice, ta ga mijinta, ta dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ta gyara gyale ta tashi ta buɗe kwandon.

"Tumatir ɗin nan duk sun fashe, Baban Lydia. Ina kifin?"

Ya dubi kwandon shi ma.

"Na manta," ya ce. "Bari in koma."

Ya kama kan keken ya fara juya shi a hankali. Malama ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Ta kwashe tumatir ɗin ta zuba a gyalenta, ta mayar masa da kwandon.

"Ka ce wa mai kifin na miya ne, kada ya ba ka mai ƙaya da yawa," ta ce. "Duna kuma ka bar shi nan, ya gaji."